Duwatsun da Suka Hau Tudu

Wayar tangaraho ta iso sansani da hantsi. Penhalo, Baturen da mutanen yankin ke kira Sahib, ya karanta ta sau uku. Madatsar ta ɓalle jiya da la'asar, kwana biyu kacal bayan ranar da ya faɗa, wannan kam ya ci. Amma ruwan da ya ratsa matsatsin farko na kwarin ya zarce lissafinsa da tsayin ƙafa arba'in.

Shekara guda ke nan da ɓarin wani dutse ya zaftaro ya toshe kogin Sarli, ruwa ya taru a bayansa ya zama tafki. Gwamnati ta turo Penhalo daga Kalkatta, masanin duwatsu ɗan shekara talatin, ɗan mahaƙin kuza a ƙasarsu, mutumin da ba ya iya wuce dutse bai ƙwanƙwasa shi da guduma ya lasa ba. Shi ya auna tafkin ya faɗi lokacin da zai ɓalle. Shi kuma ya bi kwarin ƙauye-ƙauye yana sa a shafa wa duwatsu farar ƙasa, yana cewa duk wanda ya koma sama da farin dutse ya tsira. Ƙauyen Malkoti, mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya, yana bakin matsatsi na biyu, ratar da ya bar tsakanin lissafinsa da fararen duwatsunsu kuwa ƙafa ashirin ce.

Ya dubi Keshab Datt, safiyon da ya girme shi da shekara ashirin, wanda kowa ke kira da laƙabin Babu, ya ce, "Na kashe su."

"Haba Sahib, ba a kukan mutuwa sai an ga gawa. Ɗaura takalminka mu je."

Gadoji duk sun tafi, sai suka bi ta kan tsauni, yini da rabi. Penhalo bai taɓa gurasar tamba da Babu ya miƙa masa ba, kuma a karo na farko tun da aka san shi ya wuce duwatsu dubu bai kalli ko ɗaya ba. Ba abin da yake gani sai fuskokin mutanen da ya tsaya a gabansu ya buga ƙirji ya ce su yarda da shi.

Da suka leƙo ta kan gangaren, babu Malkoti. Babu gida, babu injin niƙan da ruwa ke juyawa, babu ɗakin bauta, sai laka ja shimfiɗe da itatuwa kwance. Penhalo ya zauna a ƙasa daɓas.

"Sahib, tun yaushe laka ta fara girki?" in ji Babu. "Ɗaga kanka."

Hayaƙi ne ke tashi can sama, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Sai ga kukan ɓaunar gida, sai ga muryar wata mace tana zagin yaro. Kai, Penhalo bai taɓa jin zagi mai daɗi irin wannan ba! Ya tashi ya kama hawa da hannu da ƙafa, hularsa ta faɗi bai waiwaye ta ba.

Bukkoki ne jere a kan gonakin da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutsen. Bai gaisa da kowa ba, ya fara ƙirga kawuna kamar makiyayi. Ya ƙirga ya rikice, ya sake. Umed Singh, padhan ɗin ƙauyen, wato mai garinsu, dattijo mai gashin baki fari, ya biyo shi yana haɗa tafuka.

"Sahib, mun cika. Har mun ƙaru, matar maƙeri ta sauka shekaranjiya."

Penhalo ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, bai kuma ji kunya ba. Wata tsohuwa, Rukma Debi, ta cusa masa ƙoƙon madara mai zafi a hannu.

"Sha, ɗan nan. Dubi yadda ka rame. Shin ba ka da uwa ne a can inda kuka fito?"

Ya shanye tas, ya nemi ƙari. Ya ci gurasa huɗu da ɗanyen gishiri da barkono yana hawaye, mata na ta dariyar yadda hancinsa ya yi ja.

Sai da ciki ya ɗauka hankali ya dawo, da hankali ya dawo kuwa sai lissafi ya biyo shi. Ga fararen duwatsunsa goma sha biyu jere a ƙasan bukkokin, ga shatin laka can ƙasa da su da kusan ƙafa ashirin da biyar. To ta yaya? Ruwan da ya zarce lissafi da arba'in ya kamata ya shanye su. Ya sauka wurin na farko, dutse mai girman ɗan maraƙi, ya zagaya shi. Gansakukar da ke fitowa ta ɓangaren inuwa tana kallon rana. Ya tura gudumarsa ƙarƙashi ya zaƙulo ciyawa, rawaya, a kwance, wadda ba ta daɗe da danne ta ba. Ya fasa ɗan gefen ya lasa.

"Padhan-ji, wannan dutsen ba a nan aka haife shi ba."

Umed Singh ya dubi sama, ya dubi ƙasa. "Sahib, duwatsun ƙasarmu suna da halinsu."

"Suna gangarawa, na sani. Yau na fara ganin masu hawa tudu."

Babu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Dattijon ya ga ba mafita, ya cire rawaninsa ya ajiye a gaban takalmin Penhalo.

"A hukunta ni ni kaɗai, Sahib. Tun zamanin ubana, duk ranar da mutumin gwamnati ya zo ya shafa wa dutse fari, to abin da ke sama da dutsen ya zama gandun daji. Ba kiwo, ba itace, ba noma. Haka muka rasa tudun gabas. Da ka zo da farar ƙasarka kana maganar ruwa, muka ce wannan sabuwar dabara ce. Kana juya baya muka sa gungume muka tura su sama, gona shida. Mutum ashirin, kwana uku. Ƙugun ƙanena har yau bai miƙe ba."

"Amma da aka ce ku tashi, me ya kai ku har nan? Kun san inda na sa su da farko."

"Af! Mu zauna ƙasa da farin dutse ɗan sanda ya zo ya tambaya? Wanda ya yi ƙarya ai dole ya kwana a cikinta. Mata sun zage ni, Sahib, ruwan sha ya yi nisa, Rukma ta ce da hannunta za ta shaƙe ni."

"Kuma ban fasa ba," in ji tsohuwar daga baya.

Penhalo ya sunkuya ya ɗauki rawanin, ya kakkaɓe shi, ya ɗora wa dattijon a ka da hannu biyu.

"Mu mayar da su inda suke a da, Sahib?"

"Wanda ya taɓa su sai na sa an ɗaure shi. Babu, a kawo farar ƙasa a ƙara musu."

Da yamma Babu ya ja shi gefe. "Sahib, ba a rasa rai ko ɗaya ba a kwarin nan. Rubuta haka ka yi shiru. Wa zai hau nan ya duba gansakuka?"

"Wani zai zo bayana ya yi aiki da lissafina a wani kwarin, inda mutanensa ke jin maganar gwamnati."

Haka ya rubuta, cewa layinsa ya gaza, ya faɗi ƙafa nawa, ya bar sunan padhan a waje. An yi masa tsiya a Kalkatta shekara biyu. Daga baya ya shugabanci duk masana duwatsun ƙasar, ya yaye ɗalibai da yawa, kuma ba wanda ya fita hannunsa bai iya tambayar mai gona abin da farin dutse ke nufi a garinsu ba.

Amma ranar, kafin su juya, ya ce a nuna masa inda dutsen farko yake a da. Umed Singh ya gangara da shi gona shida ya nuna da sanda. Penhalo ya taka wurin, laka ta kai masa gwiwa. A nan ya tsaya watanni uku da suka wuce ya ce su kafa bukkokin yara da tsofaffi, don ya fi kusa da ruwan sha. Ya ɗaga kai. Sama da shi, tsayin mutum uku, dutsen niƙan garin ne maƙale a tsakanin rassan wata bishiyar goro ta tudu, inda ruwa ya ajiye shi. Can sama da bishiyar kuma matar maƙeri ce zaune a bakin gona tana shayar da jaririnta.