Kurma a Bakin Ƙofa

Karen da ke gadin shagon katakon Baba ba ya haushi, shi ya sa leburori suka sa masa suna Kurma. Baƙi ne wuluk, mai faɗin ƙirji, da ɗigo ja biyu a saman idanunsa. Ba ya cin abin hannun baƙo, ba ya wasa da kowa. In mai saye ya shigo sai ya bi shi da ido har ya fita. Baba kaɗai yake kaɗa wa guntun bindinsa.

Ranar da abin ya faru, babbar 'yar Baba ce ke tsaron shagon. Rana ta take, leburori sun tafi cin abinci, ta ja ƙofar ƙarfe ta sa sakata. Tana share garin katako ta ji an ƙwanƙwasa.

"Uwata, buɗe min."

Muryar Baba ce, kuma shi kaɗai ke kiranta haka. Ta tsakanin ƙarafan ta hango shuɗiyar rigarsa.

"Sannu da dawowa, Baba. Ina babur ɗin?"

"Buɗe min," ya sake cewa, da murya iri ɗaya sak.

Ta nufi sakata. Kurma ya taso ya gitta gabanta. Gashin bayansa ya miƙe, bindin ko motsi. Ta ce ya matsa, ya sa kafaɗa ya tura ta baya, a hankali, har ta jingina da tarin falanki.

Ta zaro waya ta kira Baba. Ya ɗauka, ƙarar injin tsaga katako na tashi a bayansa.

"Ina wurin masu yanka, lafiya?"

Ta ɗago. Babu kowa a ƙofa. Amma Kurma na juya kai sannu sannu, yana bin katangar da ido, kamar wani na tafiya ta bayanta yana neman wurin shiga.

Da Baba ya iso, sai da karen ya shinshine shi tun daga takalmi kafin ya ba shi hanya. Baba ya saurari labarin bai katse ta ba.

"Kin amsa masa?"

"Na amsa, Baba."

Sai Baba ya ɗauko sarƙar karen ya damƙa mata.

"Daga yau duk inda za ki, da shi za ki."