Ido!

A ajin walda akwai doka guda: kafin ka kunna wuta sai ka yi ihu, "Ido!" don na kusa su sauke gilashi. Tsinke kuwa, wani siririn ɗalibi mai bakin tsiya, hularsa ta walda a ƙeya take zama kamar ta ado. Runtse ido kawai yake yi ya ɗiga walda.

"Kai Tsinke," in ji Oga, malaminsu, "idon nan ba a sayar da shi a kasuwa."

"Oga, nawa na gado ne, ba ya jin wuta."

Rannan da rana tsaka kowa ya fita cin abinci, shi ya tsaya ƙarasa wata taga. Shagon waldar ba kowa, sai ƙugin injina da ƙaurin ƙarfe. Can daga ɗakin ƙarshe, wanda injinsa ya mutu tun kafin su zo, wani ya ce, "Ido!"

Ko tunani bai yi ba, hannunsa ya ja hular ta rufe fuska. Ta baƙin gilashi ba a ganin komai sai in wuta na ci, ai kuwa ya gani. Shuɗin haske ya cika ɗakin, ga wani mutum a duƙe yana walda, ba hula, ba safar hannu. Tartsatsi na sauka a kumatunsa, ko gezau. Ya juyo. Idanunsa fari fat, kamar dafaffen ƙwai.

"Ƙanena, zo ka duba mini, layin nan ya miƙe?"

"Ya... ya miƙe, yayana. Kamar layin jirgi."

"Ta gilashi za ka gani? Ɗaga mana. Ni ma ɗagawa na yi."

Tsinke ya ji yatsunsa suna hawa gefen hular da kansu. Ya sa ɗaya hannun ya danne su. Gumi na shiga masa ido.

Sai ga takun takalmi ta bayansa, da muryar Oga tana dariya: "Yau kuma? Kai da hula? Ɗaga mana in ga fuskarka."

"Oga, in kai ne, kashe wutar shagon duka."

Ya ji ƙas! Fanka ta tsaya, injina suka yi tsit. Shuɗin hasken bai ko girgiza ba.

Tsinke ya riƙe hular da hannu biyu, ya fara ja da baya yana laluben ƙofa da ƙafa.