Rediyon Masu Gishiri

Rana na dukan fakon gishiri a tsibirin Madura, ko ɗigon girgije babu, amma Misnatun ta rataye rediyonta a jikin gora, ta murɗa shi zuwa inda ba tasha. Masu gishiri sun san walƙiya kan yi ƙara a rediyo tun kafin hadari ya bayyana, ruwan sama kuwa narkar da gishiri yake yi.

"Ke dai da tashar aljanunki!" in ji mijinta Sahrawi, yana tara gishiri.

Sai ga ƙarar, can ƙasa-ƙasa, kamar ana soya kifi a wani gida mai nisa. Misnatun ta lumshe ido. A ranta daga arewa take zuwa, daga hayin teku, inda 'yarsu Hosniyah take aure. Har tana hango ta da jariri a kafaɗa, ta fito da gudu kwashe shanya, iska na kaɗa ganyen ayaba.

"Mu kwashe gishirin ne?" Sahrawi ya tambaya.

"Bari, maigida. Ba namu ba ne. Su Hosniyah ake yi wa ruwa."

Ya buɗe baki zai tsokane ta, ya fasa. Ya matso ya tsuguna kusa da gorar.

"Ɗan ƙara muryar," ya ce.