Rabin Awa da Muryar Bu Karsinah

Tun kafin azahar Yanuar ya share situdiyonsa sau biyu, alhali ɗakin bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba. A bayan shagon wankin matarsa yake, a garin Sidoarjo, don haka duk ranar naɗi sai an lallaɓa matar ta kashe injinan wanki. Yau kam bai tsaya lallashi ba, da kansa ya zare wayoyinsu daga bango.

Bu Karsinah ce za ta zo, Bu ɗin nan kamar a ce Mama ne. Shekara arba'in da ɗaya tana rera waƙoƙin rawa na dangdut a gidajen biki, daga nan har Banyuwangi, kuma duk waƙoƙin wasu ne. Guda ɗaya tak ta rubuta da hannunta, ba ta taɓa rera ta a gaban kowa ba, ita ce kuma take so a naɗa. Gobe da safe za a yi mata aiki a maƙogwaro a Surabaya, likita kuma bai ɓoye mata komai ba: magana wataƙila ta dawo, waƙa kuwa kada ta sa rai. Da ƙyar ya yarda ta yi rabin awa yau. Wannan rabin awar ce aka ɗora wa Yanuar a ka.

Makon jiya sun gwada, abin bai yiwu ba. Mawaƙan dandali ba sa iya buɗe baki sai sun ji eko, wato muryarsu tana dawo musu tana maimaita kanta, yadda take yi a manyan lasifikun biki. Ya sa mata ekon daga kwamfuta, amma tsohuwar kwamfutarsa sai ta tsaya nazari tukuna, muryar ta iso kunnen mai waƙa a makare. Ƙiris ne jinkirin, amma ya isa. Bu Karsinah ta cire hedifon ta ce wata ce ke bin ta a baya tana kwaikwayonta, ta ɗauki jakarta ta tafi.

Dalilin da ya sa ya nemo wani akwatin sauti ke nan. Cak Toha, mai sayar da kayan sauti na hannu, ya ba shi aron kwana uku: in ya yi masa ya saya, in bai yi ba ya mayar. Ɗan ƙaramin abu ne mai ruwan azurfa, da ƙaton maɓallin murɗawa a tsakiya. Manhajojin gyaran sauti a cikinsa suke aiki, da tasa ƙwaƙwalwar, ba da ta kwamfuta ba, shi ya sa murya na fita eko ke bin ta nan take. Kuɗinsa kuwa ya kai na babur. Masu wannan sana'ar sai dai a bar su da halinsu: mutum zai yi wata guda yana cin shinkafa da yaji, amma a nuna masa akwati mai fitilu, shi ke nan hankali ya tashi. A zaurensu na waya, rabi sun ce ɓarnar kuɗi ce, kwamfutocin yanzu sun wuce nan. Rabi sun ce wanda bai taɓa shi ba bai san sauti ba. Yanuar ya karanta duka, ya fito ya fi da ruɗewa. Jiya dai ya gwada shi da jita, ya ji daɗin sautin har ya naɗi minti goma shi kaɗai yana washe baki.

Ƙarfe biyu suka iso, ita da 'yarta Ndari, wadda ta ɗauki hutun kwana uku daga masana'antar takalma. Bu Karsinah ta sha kwalliya kamar mai hawa dandali, har da jan baki. Ndari kuwa fulas ɗin ruwan citta ne a hannunta, fuskar nan babu annuri.

"Mas Yanuar, rabin awa," in ji Ndari tun daga ƙofa, Mas ɗin kamar a ce Yaya. "Na sa ƙararrawa a waya. Tana bugawa zan ɗauke ta, ko tana tsakiyar baiti."

"Kin ji ta ko? Ni na haife ta, amma ita ce uwata," in ji Bu Karsinah. Muryar ta dushe, amma tsiwar na nan. Ta nuna akwatin da haɓa. "Wannan ne abin? Ɗan mitsitsi haka? Le, Allah ya sa ba a cuce ka ba."

Le take ce masa, yadda ake kiran ɗan yaro, duk da furfurar da ta fara leƙowa a gemunsa. Ya miƙa mata hedifon da hannu biyu.

"Gwada ki ji, Bu."

Ta matsa kusa da makirfo ta ce, "Gwaji, gwaji." Ta kasa kunne. Ta sake cewa. Sai ta lumshe ido, kafaɗunta suka sauka.

"To, ga ni," ta ce a hankali. "Yanzu na ji ni. Ƙara kaɗan."

Ya ƙara. Ya saki kiɗan da suka riga suka naɗa, ganga da sarewa, ta shiga. Ba ta kai amshi ba tari ya sarƙe ta. Ndari ta zabura da kofi, uwar ta ture hannunta.

"Ba wuyan ba ne, ɗakin ne ya bushe. Le, ƙara eko. Rowar me kake yi, da kuɗi kake saye?"

Ya murɗa. Wannan tsohuwar dabara ce da kowane mai naɗi ya sani: a ba mawaƙi eko a kunne iya son ransa, ko zai nutse a ciki, amma kwamfuta ta ɗauki muryar tsura, babu komai a kanta. Daga baya sai a yi mata ado daidai gwargwado. Don haka Yanuar bai yi gardama ba. Ta ɗaga yatsa, ya ƙara. Ta sake ɗagawa, ya sake ƙarawa. Shi kansa bai sa hedifon ba, idonsa na kan fitilun ma'auni, yana fargabar kada murya ta yi ƙarfi ta fashe.

Karo na biyu ta kai rabi. Karo na uku ta tafi tun daga fari har ƙarshe, minti biyar da ɗoriya, hannu ɗaya dafe da ƙirji, ɗayan yana yawo a sama yadda ta saba. Ndari ba ta saurara ba, wayarta take kallo, minti na raguwa. Da sarewa ta rufe, Bu Karsinah ta zube kan kujera ta yi tari mai tsawo cikin hankici, ta ninke shi da sauri ta cusa a jaka. Yanuar ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

"An samu," ta ce, da abin da ya rage na murya. "Kunna mu ji."

Ya mayar da waƙar farko ya danna. Murya ta fito daga lasifika, da wata a bayanta, da wata a bayan waccan. Ya ce ai ekon ne bai kashe ba, ya kai hannu ya kashe. Babu abin da ya canza. Ya cire kiɗan, ya bar muryar kaɗai. Tana nan dai tana bin kanta, kowace kalma na taka wadda ta gabace ta. A baitin farko ana ɗan tsintar magana. Daga inda ta fara ɗaga yatsa kuwa, sai kuwwa kawai, kamar mai kira daga cikin rijiya.

Ya duba fuskar kwamfuta, can ƙasa a lungu, inda wani ɗan maɓalli yake. Akwatin yana da hali biyu. In ɗan maɓallin nan yana kore, eko a kunne kawai yake tsayawa. In yana ja, to duk abin da mawaƙi ya ji shi ake naɗewa, ya haɗe da murya yadda sukari ke narkewa a shayi, babu mai raba su. Jiya ya mayar da shi ja don jita, bai dawo da shi ba. Shekara tara yana aiki da kwamfuta zalla, inda irin wannan kuskuren ba ya ma yiwuwa, hannunsa bai saba dubawa ba.

Gumi ya keto masa duk da sanyin ɗakin. Tsoro ya ji, tsoro na gaske. Zuciya ta ce masa ya yi shiru, ya ce ya yi kyau, su tafi. Kafin ta farfaɗo daga aiki wataƙila ya samo wata dabara. Amma ya san babu dabarar.

"Mas, me ya faru?" in ji Ndari. "Me ya sa ba a jin abin da take cewa?"

"Bu," ya ce, bai iya ɗaga kai ba, "na yi kuskure. Ekon ya shiga cikin naɗin. Ba ya fita."

"Kamar yaya ba ya fita? Kai ka sa, ka cire mana!"

"Mbak Ndari, wallahi da zai ciru..."

"Da abin tsadar naka? Mun baro gida, ta ƙarar da wuyanta, kana zaune kana murɗe-murɗe!"

"Saura minti nawa?" Bu Karsinah ta katse ta.

"Bu, a'a," in ji Ndari.

"Nawa, na ce."

"Shida."

Ta miƙe, ta koma gaban makirfo. Yanuar ya mayar da maɓallin kore, ya duba, ya sake dubawa. Ya saki kiɗa. Ta ja numfashi ta buɗe baki, sai iska. Ta kurɓi ruwan citta, ta yi masa alama ya sake. Sautin farko ya fito ya tsage, na biyu bai zo ba. Ta tsaya riƙe da sandar makirfo, kiɗa yana tafiya shi kaɗai, har Yanuar ya kashe shi don ba zai iya ji ba.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta zare hedifon ta rataye.

"Waƙar ta tafi," ta ce, a raɗe. "Kashe kiɗan. Kashe ekon ma, duka. Zan faɗa da baki."

"Bu, ba ki taɓa..." in ji Yanuar.

"Danna, Le. Lokaci."

Ya danna. Ya ɗaga ƙarfin makirfo har ana jin numfashinta da ƙarar awarwaronta. Ta fara karanta baitocin ɗaya bayan ɗaya, babu rauji, babu kiɗa, muryar tsohuwa mai ciwon wuya kawai. Magana ce a kan wata yarinya da ake bari wurin kaka duk ranar Asabar, tana riƙe bakin zanen uwarta a ƙofa. Uwar tana ɓamɓare yatsun ɗaya-ɗaya, saboda motar makaɗa tana jira. Ta rera a bikin 'ya'yan mutane dubu, ranar da tata ta ci jarrabawa tana Jember, ranar da ta karye a hannu tana Madura. Ba ta neman a ce ba komai. So take kawai a san ta ƙirga yatsun, biyar ne, kuma kowace Asabar sun fi na wadda ta gabata ƙarfi.

Ƙararrawar wayar ta buga. Ndari ta danne ta a cikin tafin hannu, ba ta ɗago ba. Hawaye na sauka kan fulas ɗin da ke cinyarta, ta toshe baki da gefen mayafi don kada makirfo ya ɗauka.

Baiti biyu suka rage. Fitilun ma'auni da ƙyar suke motsi, ɗaya ce ke ƙyaftawa, wani lokaci ta ɗauke. Yanuar ya sa hedifon ya danna shi a kunnuwansa da hannu biyu, yana bin kowace kalma, kada wata ta faɗi a hanya. Layin ƙarshe bai fi hucin baki ba, amma ya ji shi, har da sunan Ndari a ƙarshensa.

Ya tsayar. Ya adana a wuri uku kafin ya yarda ya juyo.

Bu Karsinah ta motsa leɓe, babu abin da ya fito. Ta sake gwadawa, ta girgiza kai. Sai ta nuna kwamfutar da yatsa, ta ɗaga gira.

"Ya shiga, Bu," in ji Yanuar. "Duka ya shiga."

Ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, Ndari ta taso ta kama.