Bangon da Abdulkahar Ya Gina

Tun da aka sace wansa a hanyar Birnin Gwari, Abdulkahar ya yi wa matarsa Huraira alkawarin ba zai sake bin hanyar ba. Daga Kaduna yake kula da intanet ɗin wani ƙaramin asibiti a Damari, can yankin Birnin Gwarin, inda ma'aikatan jinya ke nuna wa likita marasa lafiya ta bidiyo.

Mai gadin intanet ɗin wata tsohuwar kwamfuta ce. Ya ɗora mata manhajar kyauta, irin wadda kowa ke iya duba cikinta ya gyara, ita ke tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. Abdulkahar na ji da ita fiye da kima. Ko a wajen suna, da ka ba shi fuska sai ya kawo maka zancenta.

Wata Laraba ya ga an fitar da sabon gyaran tsaro ga ƙwaryar manhajar. Ya saukar, ya kuma ƙara nasa: daga yau duk abin da aka soka a jikin kwamfutar, ta ƙi shi. Ya san mutanensa da cajin waya, ko'ina suka ga rami sokawa suke yi. Ya umarce ta ta kashe kanta ta tashi. Ta kashe, amma bai sake ganinta a intanet ba.

Ya kira Philemon, mai kula da ɗakin magani.

"Tana kunne kuwa?"

"Tana kunne, Injiniya. Sai dai ɗan abin nan na baya bai kawo wuta ba."

"Wane abu?"

Philemon ya yi ɗan tari. Ashe tun damina tsawa ta ƙone ramin da wayar intanet ke shiga. Shi ne ya sayo ɗan mahaɗi a kasuwa, ya soka a ramin caji, ya lallaɓa har aiki ya ci gaba. Mahaɗin ne yanzu kwamfutar ta ƙi.

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"Haba Injiniya. Kana cikin jimamin ɗan'uwanka, in zo maka da maganar waya? Ai ba a yin haka."

Shi ma Abdulkahar da haka aka rene shi. Ya ce a kawo allon rubutu na kwamfuta a soka, zai karanto abin da za a buga. Aka soka, kwamfutar ta ƙi shi kamar yadda aka umarce ta. Sauran hanya ɗaya ce, a buɗe cikinta a sake ɗora komai, kuma babu mai iya wannan a Damari. Philemon ya ƙara da cewa akwai masu ciki da likita ke jiran gani.

Huraira na tankaɗe a tsakar gida ya gaya mata sai ya je da kansa. Tsoro ya kama ta, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Wa ya kulle ta haka?"

"Ni."

Ta kaɗe hannunta ta shiga ɗaki. Ta fito da rigarsa mafi tsufa da silifa, don kada a ɗauke shi mai hali. Sannan ta karɓi wayarsa ta zauna a bakin ƙofa, ta shiga goge hotunan yaransu ɗaya bayan ɗaya, kada ɓarayin hanya su gan su.