Ganyen Magaryar Malam Garzali

"Ko ganye ɗaya ba a tsinka," in ji manajan gidan, bai ma ɗago kai daga wayarsa ba.

Lado ya yi tsaye da leda a hannu, gumi na bin bayansa. Mashud direba na bakin titi cikin tasi yana jiransa, ga shi ƙarfe biyu za a yi wa gawar Malam Garzali wanka.

Malam Garzali maƙwabcin Lado ne a unguwar Fereej Abdel Aziz, bango ɗaya ya raba ɗakunansu. Mutumin Gumel ne, shekararsa sha tara yana tuƙi a Doha. Ranar hutunsa, maimakon ya miƙe ƙafa kamar kowa, sai ya hau bas ya taho wannan tsohon gida na wani attajirin lu'ulu'u da aka mayar wurin tarihi, ya kama aikin sa kai a lambu. Har tsiya ake masa, wai ya bar gonar ubansa ta zama saura, ya zo yana yi wa Larabawa gayya. Shi dai sai murmushi. Wata tsohuwar magarya ya tarar a tsakar gidan tana shirin bushewa, ya yi shekara shida yana fama da ita har ta murmure.

A gindinta ya yanke jiki ya faɗi shekaranjiya. A asibiti ya kama hannun Lado ya ce, "In ta Allah ta kasance, da ganyen magaryar nan za a wanke ni. Kar a sayo na kanti."

"Haba Malam, bar irin wannan maganar."

"Ka dai amsa mini."

Lado ya amsa. Jiya bayan la'asar rai ya yi halinsa.

"Ranka ya daɗe," Lado ya sake gwadawa da guntun Larabcinsa, "Garzali ne fa. Mai ba ta ruwa."

"Na sani, Allah ya ji ƙansa. Har hotonsa za mu sa a shafinmu. Amma bishiyar tarihi ce. Rubuto takarda, kwamiti zai zauna Lahadi."

"Lahadi? Yau za a binne shi!"

"Khalas, magana ta ƙare, ɗan'uwa. Doka ce."

Lado mai gadi ne, shi ma ya sha gaya wa mutane haka a bakin ƙofa, amma bai taɓa jin ƙazantar maganar ba sai yau. Ga wata baƙuwa can ta janyo reshen magaryar har fuskarta tana ɗaukar hoto, ganye na zuba, babu wanda ya ce mata kanzil. Abin ya ba shi ƙyama. Ya juya ba ko sallama.

A ƙofar baya wani tsoho mai shara ya tare shi. Aruna ne, mutumin Kumasi, duk ya ji abin da aka yi. Ya nuna wani baƙin buhu a jikin bango.

"Malam ne ya share ganyen da ya zuba ya tara a nan da hannunsa, safiyar da ya faɗi. Motar shara ba ta zo ba tukun."

Lado ya kwance bakin buhun, wari ya buge shi. An ƙara shara a kai: kofunan shayi, guntayen taba, ragowar shinkafa da ta fara ruɓewa, har da ƙunzugun jariri. Ya tofar da yawu gefe, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa. Ganyen na can ƙasa, ya bushe ya nannaɗe. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa tsince shi, Aruna na riƙe masa da tiyo, ya wanke sau uku.

Da ya shiga tasi Mashud ya waigo. "Sun ba ka?"

"Yalla, mu je."

Motar ta hau titi. Lado ya riƙe ledar da hannu biyu a kan cinyarsa, ruwa na ɗiga daga gindinta yana jiƙa masa wando.