Lamba Bakwai a Jadawalin Alhamis

Shekara ashirin da biyu ina aiki a ofishin jadawali na majalisa, kuma har yau in an tambayi mijina aikina sai ya ce, "Taifis ce." To, na ji, taifis ɗin ce. Amma duk abin da za a tattauna a zauren nan sai ya bi ta teburina kafin ya kai bakin kowa. Ofishin namu wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar da ke hawa zaure, taga ɗaya, fanka mai ƙara, da injin buga takardu da ke cinye takarda kamar akuya. In 'yan majalisa suna hawa ina jin takunsu a bisa kaina, har na san takalman wasu.

Kwana huɗu majalisa take zama a mako, kusan duka na gwamnati. 'Yan kujerun baya, wato membobin da ba su da muƙami ko na riƙe ƙofa, abin da aka yaga musu awa biyu ne ranar Alhamis, daga ƙarfe biyu zuwa huɗu, lokacin da rabin zauren ya riga ya kama hanyar filin jirgi. Ana jera ƙudurorinsu da lamba. Na ɗaya kaɗai ake muhawara a kansa. In an gama magana kafin huɗu, a kaɗa ƙuri'a. In ƙararrawa ta buga wani yana tsaye yana zuba, shi ke nan, ƙudurin ya koma ƙarshen layi. Sauran kuwa sunayensu kawai ake karantowa bayan ƙararrawa. Wanda ba a tanka masa ba ya wuce salin alin, wanda kuma aka ce wa "Ban amince ba," ko da murya ɗaya ce, ya faɗi. Akwai ma wanda aikinsa ke nan, mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati. Yana zaune yana latsa waya, ko kai ba ya ɗagawa, ana karantowa yana cewa ban amince ba, ban amince ba. A shekaruna duka, waɗanda suka tsira daga bakinsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

A can kujerar ƙarshe, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigo, akwai wani tsoho da kowa ke kira Hedimasta, don shekara talatin ya yi yana riƙe da makarantar firamare kafin mutanensa su turo shi. Ƙudurinsa shafi biyu ne kacal: duk kamfanin da ya haƙi tsakuwa ko jar ƙasa, kafin ya kwashe motocinsa ya cike ramin ko ya katange shi. Shekara huɗu yana jan abin nan. Ya fita daga kwamiti, an gyara, an sake gyarawa, saura mataki ɗaya ya zama doka.

Ni kuwa ina da nawa dalilin. Bayan unguwar yayana akwai irin wannan rami, da damina ya cika ya zama tafki. 'Yarsa ta uku, mai shekara goma sha ɗaya, ta bi ta gefen ramin za ta makaranta don ta rage hanya, ƙasa ta zabtare da ita. Sai washegari aka ciro ta, jakar littattafanta na rataye a wuyanta. Yaya tela ne, ba mai yawan magana ba. Tun daga ranar, duk lokacin da na je shagonsa tambayarsa ɗaya ce: "Ƙanwata, ina maganar tsohon nan ta kwana?" Ni kuma in ce tana layi.

Alhamis ta ƙarshe kafin a rushe majalisa a tafi zaɓe, Hedimasta yana lamba bakwai. Duk abin da bai wuce ran nan ba ya mutu, sabuwar majalisa daga farko take somawa. Shi kuma jam'iyyarsa ta riga ta ba wani tikitin kujerarsa, ba dawowa zai yi ba.

Ranar Laraba da hantsi mai lamba ɗaya ya aiko da wasiƙa ya janye nasa, wai zai raka shugaban jam'iyya tafiya. Al'adar ofishinmu ita ce in gurbi ya buɗe, mu cike shi da ƙudurin da takardunsa suka kammala. Ba a rubuta cewa sai na biyu ba. Gaskiya uku daga cikin na gaban Hedimasta a kammale suke, ba zan yi ƙarya ba. Na zauna na dubi takardar, na tuna bakin mai tsawatarwa, na ce wallahi ba zan zuba ido a kashe abin nan da kalma uku ba. Na ɗauko lamba bakwai na kai ta sama, na takwas ya gangaro ya zama na bakwai. Na kai wa Magatakardan majalisa, yana tsaye da waya a kunne ya sa hannu bai karanta ba, don ya saba ba ya samun kuskure a aikina. Na buga kwafi ɗari huɗu aka raba. Har na kira Yaya na ce gobe ya kunna talabijin ɗin shago ƙarfe biyu, don zaman ƙarshe kai tsaye ake nuna shi. Ran nan na koma gida ina jin kaina wata tsiya.

Da safiyar Alhamis ban ko ajiye jaka ba Hedimasta ya shigo da jadawalin a hannu.

"'Yata, wa ya hau da ni sama?"

"Ni ce, Baba," na faɗa da fara'ata, ina jiran godiya.

Ya nemi kujera ya zauna, ya cire tabarau ya riƙe. Sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Wata shida yana zarya ofishin minista, yana zaman benci tare da masu neman aiki, har ministan ya gaji da ganinsa ya yarda. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: ba muhawara, ba 'yan jarida, don masu ramukan suna da abokai a cikin zauren nan kuma minista ba ya son rigima da su gab da zaɓe. Ya zauna a lamba bakwai abinsa, in an karanto sunan ƙudurin mai tsawatarwa ya kawar da kai, ya wuce kafin kowa ya farga.

"An ce kada in gaya wa kowa," in ji shi. "Ko matata ban gaya wa ba."

Na haura ofishin Magatakarda da gudu, na ce Yallaɓai a taimaka a mayar. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ke da kika koya wa rabin ginin nan ƙa'ida? Jadawalin da aka raba ba ya canzuwa sai zaure ya ba da izini. Kina so in tsaya gaban kyamara in ce me? In ce muna so mu ɓoye shi ne?"

Hedimasta ya je wajen mai tsawatarwa, shi kuma ya ɗaga kafaɗa ya ce yarjejeniyarsu ta shiru ce, tunda an fito fili kowa ya ji da kansa, kuma ma jirginsa ƙarfe uku ne. Dabara ɗaya ta rage wa tsohon. Ya bi membobi ɗaya bayan ɗaya, a ɗakin shan shayi da bakin masallaci da wajen ajiye motoci, yana roƙonsu don Allah in suna son ƙudurin kada su yi magana, su bari a kaɗa ƙuri'a kawai. Kowa ya dafa ƙirji ya ce haba Baba, ai wannan namu ne.

Ranar Alhamis ni ce nake zama a teburin da ke ƙasan kujerar Kakaki, don manyanmu ba sa ɓata lokacinsu a kan 'yan baya. Agogo da maɓallin ƙararrawa a gabana suke. Mataimakin Kakaki ne ya jagoranci zaman. Hedimasta ya tashi, ya yi magana minti biyu da daƙiƙa arba'in, ni na auna. Ya faɗi adadin yaran da ramukan suka ci a mazaɓarsa, ya ce yana roƙon a je ƙuri'a, ya zauna.

Kafin ya gama zama wani lauya a layi na uku ya miƙe. Ya ce ba zai ɗauki lokaci ba, sai dai lamirinsa ba zai bar shi ya yi shiru ba. Lamirin nan ya ci minti ashirin da biyar. Bayansa wata 'yar majalisa ta tashi da hankici a hannu, ta yi kuka na gaske, hawaye shar, amma ina kallonta tana satar duba jan fitilar kyamara ta ga ko a kanta take. Wani likita ya yi mana bayanin yadda ruwa ke shiga huhu, dalla-dalla, ni ina zaune ina tuna jakar littattafai. Wani ya tashi don ya gode wa likitan. Wani ya tashi ya ce a mazaɓarsa ramukan sun fi na kowa zurfi, sai maƙwabcinsa ya ce bai yarda ba, nasu sun fi. Ko mutum ɗaya bai soki ƙudurin ba. Kowa yabo, kowa sai ya juya ya jinjina wa "uban marayu da ke kujerar baya." Na sha tambayar kaina ko turo su aka yi. Wataƙila biyu daga ciki. Sauran babu wanda ya turo su, zaɓe saura mako shida ne kuma ga kyamara kyauta.

Ƙarfe uku da rabi Hedimasta ya miƙe ya nemi a rufe muhawara a je ƙuri'a. Wannan sai mutum arba'in sun tashi tsaye sun goyi baya. Ni na ƙirga, na sake ƙirgawa har da wanda ke bakin ƙofa da jakarsa a hannu. Talatin da ɗaya. Lauya mai lamiri da mai hankici duk sun fita tun da suka gama nasu.

Sai wani da muke kira Rediyo ya tashi, mutumin da bai taɓa gama jimla a inda ya fara ta ba. Ya ce yana da dalilai bakwai na goyon bayan wannan ƙuduri mai albarka. Hedimasta ya haɗa tafukansa biyu yana roƙonsa daga nesa, Rediyo ya ɗauka jinjina ce, ya ɗaga masa hannu ya ci gaba. Ƙarfe huɗu ta cika yana kan dalili na uku. Na ɗora yatsana a kan maɓallin na kasa dannawa. Daƙiƙa goma, goma sha biyar. Mataimakin Kakaki ya sunkuyo ya ce, "Malama, lokaci," ga kuma ƙaton agogon bango kowa yana gani. Na danna.

Aka tafa wa Hedimasta, wallahi har da masu tashi tsaye. Sannan na miƙe na fara karanto sauran, don wannan ma aikina ne. Mai tsawatarwa ya tafi jirginsa ya bar wa mataimakinsa 'yar takarda da aka rubuta tun ranar Litinin. Na biyu, ban amince ba. Na uku, ban amince ba. Haka har na shida. Na karanto na bakwai, mutumin ya duba takardarsa, inda aka rubuta a bar lamba bakwai ta wuce, ya yi gum. Mataimakin Kakaki ya jira, ya buga guduma. Ƙudurin da ya gangaro lamba bakwai na ba tsofaffin 'yan majalisa lambar mota ta musamman ne. Mai shi ma barci yake yi, sai da na kusa da shi ya taɓa shi ya ce ya tashi, nasa ya wuce.

Da aka tashi Hedimasta ya biyo ta ofishina da kwalin takardunsa a hammata. Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Sai ya ce, "Allah ya ga niyyarki, 'yata," ya tafi. Na tsani maganar nan har yau. Niyyata ba ta katange ko taku ɗaya na ramin kowa ba.

Ban wuce gida ba, na hau mota zuwa shagon Yaya. Na tarar da maƙwabtansa cike da benci, talabijin na kunne a kan kabad ɗin yadi. Rabon da in ga haƙoransa a waje tun kafin rasuwar. Ya ture keken ɗinki ya taso.

"Ƙanwata, mun gani! Kowa ya goyi baya, ko mutum ɗaya bai ƙi ba. Har tafi aka yi. Yaushe za a fara katange namu?"

"Yaya, bai wuce ba."

Ya tsaya. "Kamar yaya bai wuce ba? Wa ya hana?"

"Babu wanda ya hana. Lokaci ne ya ƙare."

"To sai mako mai zuwa?"

"Babu mako mai zuwa. Ya mutu." Na ce a raina gara ya ji daga bakina. "Kuma ni na jawo. A ƙasa yake, ni na ɗauko shi na sa shi a farko."

Yaya ya dube ni, ya dubi maƙwabtansa, yana neman inda laifin yake bai gano ba. Ya koma ya zauna a kan kekensa, ya jawo rigar da yake ɗinki.

"A farko kika sa shi?" ya ce a hankali. "To ai kin kyauta, ƙanwata. Allah ya yi miki albarka."